Tulu na Arba'in da Huɗu

A duk garin Chulucanas babu mai cewa Don Eleuterio Sernaqué bai iya ginin tukwane ba, sai ɗan hassada. In ya sa dutsen kogi ya goge tulu, ƙuda ma santsi ke kwasarsa. Abin alfaharinsa ke nan tun yana saurayi, wai ba kaifi ba kaushi da zai fita daga hannunsa. Amma akwai abin da ya gagare shi shekara goma sha ɗaya, kuma yana cinsa a rai.

A gidan tarihin garin an ajiye wasu tagwayen tuluna na mutanen da, haɗe da juna, ɗaya da kan shirwa. Irinsu in an zuba ruwa an karkata, ruwan ya tura iska, sai tsuntsuwar ta yi fito. Eleuterio kan tsaya gaban gilashin da aka killace su har ƙafa ta yi tsami, ya koma gida ya gina irinsu sak. Ya gina arba'in da uku, ko ɗaya bai ce uffan ba. Ga shi hannun dama ya fara rawa, likita kuwa ya ce abin gaba zai yi. Tsohon ya san in bana ta wuce, shi da aiki mai laushi sai kallo.

"Tsoho, bebayenka sun cika mini ɗaki," in ji matarsa Asunciona. "Bari in zuba chicha, giyar masararmu, a ciki, su ma su ci guminsu."

"Taɓa ɗaya ki gani."

"In na taɓa ƙarata za su kai? Da wane bakin?"

Wata Talata da hantsi sai ga Nélida Chero, mai kula da gidan tarihin, wadda shi ya riƙe ta ranar baftisma.

"Baba, wanke hannu ka taso. Garmar wani manomi ta tono irin tulun nan, ta fasa masa kai. Gobe masu gyara za su liƙe shi, yau kaɗai cikinsa yake a buɗe."

Ko hula bai tsaya ɗauka ba. A ɗakin ajiya ta miƙa masa safar hannu, ya dube ta sheƙeƙe.

"'Yar nan, da safa zan ji me?"

Ta waiwayi ƙofa. "Yatsa ɗaya, Baba. In aka kore ni, gidanka zan tare."

A cikin kan tsuntsuwar akwai ɗan ƙwallon yumɓu mai rami, kamar ƙwan kurciya, da 'yar huda a gefe. Daidai da irin wanda ya daɗe yana sawa a nasa. Jikinsa ya yi sanyi, don in babu bambanci to babu abin da zai gyara. Ya shafa bakin hudar a hankali, sai ya ji ta karce shi.

"Kai, wannan magini rago ne! Ko gogewa bai yi ba!"

Yana faɗa sai ya lura da wani abu. Bayan tulun sumul yake kamar nasa. Ashe mutumin ya goge ko'ina, ya bar nan da gangan, don iska ba ta kuka sai ta sami kaifin da zai tsaga ta. Shi kuwa sarkin guga, yini guda yakan ɓata da 'yar tsakuwa yana dakushe wannan bakin, har da jin daɗi. Kunya ta kama shi, dariya ta biyo baya, har sai da Nélida ta jawo masa kujera.

Da ya koma gida ya kwaɓa yumɓu, ya fiƙe ɓawon kara ya yanka hudar da shi. Sau biyu hannunsa yana kai kansa ga dutsen guga, har ya gaji ya miƙa wa matarsa.

"Ɓoye mini wannan. Ko na yi kuka kada ki ba ni."

Rawar hannu ta ɓata masa ƙwallo uku, na huɗu ya fita lafiya. Tulu ya bushe, aka gasa, aka turara da ganyen mangwaro. Mako biyu tsohon ba ya sanin abin da yake ci.

Ranar gwaji bai gaya wa kowa ba, don tsoro yake ji. Ya zauna a tsakar gida, ya zuba ruwa, ya karkata tulun da hannu biyu. Wani siririn kuka ya tashi, dogo mai rawa a ƙarshe. Nan take kajin gidan suka watse, uwar 'yan tsaki ta kwashi 'ya'yanta ta yi ƙarƙashin amalanke.

Asunciona ta fito da gudu daga madafa, ludayi a hannu, tana duban sama tana ihu. Sama fayau, ba shirwa ba dalilinta. Ta sauke ido, ta ga mijinta rungume da tulu, hawaye na bin gemunsa.

Ta goge hannu a zane ta zauna gefensa a ƙasa.

"Sake karkatawa, tsoho," ta ce. "Kajin su yi haƙuri."