Majigi a Bangon Ɗakin Hajiya

Haladu mai gyaran injin majigi ne, duk unguwar Sa'alaba an san hannunsa. A Jiddan 1974, masu nuna fim a tsakar gida in injinsu ya yi gardama wurinsa suke kawowa. Amma ɓarnar da ya yi a gidansu da bakinsa, wallahi ba ta gyaru ba.

Kakarsa Hajiya Rahamatu ce ta kwanta. Likita ya ja shi gefe ya ce ciwon daji ne, ya ci hanta, da wuya ta ƙara wata uku. Haladu ya tsaya a famfon asibiti ya wanke fuska, ya sayi lemo a bakin ƙofa, ya shiga wurinta yana washe baki.

"Gyambon ciki ne kawai, amarya. Halas, shi ke nan, ke da yaji kun rabu."

"Ja'iri," in ji ta. "Miji ne kai ko likita?"

Abu ɗaya ke cin ran tsohuwar nan. Shekara arba'in da suka wuce, suna hanyar Makka a ƙafa, ƙyanda ta kwantar da 'yarta Zakiya a Wad Madani, ƙasar Sudan. Ta bar ta a hannun wasu mutane tana 'yar shekara shida, ta ce da an sauko Arfa za ta koma. Ba ta koma ba.

Bana sai ga wani alhaji, Ubale, daga can. Ya ce ya san Zakiya, har ta aurar da 'ya, kuma duk Jidda shi kaɗai ya san gidan. Da zai koma ya zo da rakoda, ya ce Hajiya ta yi magana ya kai mata.

"A'a, Alhaji, ba zan nemi gafarar 'yata ta cikin akwati ba. Jikana ya ce gyambo ne. Da na warke zan je da ƙafata in durƙusa mata."

Haladu na tsaye yana ji. Ya ce a ransa gobe zai faɗa mata gaskiya. Gobe ta yi, ya ce jibi. Ranar Talata shi ya ɗaukar wa Ubale kaya har tashar jirgin ruwa.

Laraba bayan la'asar ya gama gyaran wani inji, ya ce bari ya gwada shi a ɗakinta ya ɗebe mata kewa. Ya rufe taga, ya haska bango. Ya zaci fim ɗin Sinawa ne na dambe da tsalle-tsalle, ashe labarin wani gida ne. Ga wata tsohuwa kwance. Ga likita yana yi wa wani saurayi raɗa. Hajiya ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta kafa wa bangon ido. Saurayin ya sunkuya a famfo ya watsa ruwa a fuska, ya share, ya shiga ɗakin yana dariya.

"Tsayar, Haladu."

Ya tsayar.

"Yaron nan haƙoransa ke dariya, idonsa bai yi ba. Kai ma ranar nan da jiƙaƙƙen gemu ka shigo mini." Ta daɗe tana kallonsa. "Wata nawa ya ce?"

"Uku, Kaka. Biyu sun tafi."

Ba ta yi kuka ba, shi ne ya fashe. Ta yi salati, ta yunƙura ta zauna, tana laluben mayafinta.

"To yalla, maza kira mini Alhaji Ubale ya zo da akwatin nan nasa. Zan yi magana."

Wayyo Allah. Haladu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa ya kama ƙafarta.

"Jirginsu ya tashi jiya. Ni na raka shi."

Hannunta ya tsaya a kan mayafin. Can ta koma ta kwanta a hankali, ta juya fuska wajen bango, inda hasken ya ɗauke.

"Na ce wa Zakiya kwana kaɗan zan yi," ta ce. "Har na ce ta ajiye mini rabin dabinonta."

"Kaka, ki yafe mini."

"Na yafe maka, ɗan nan. Kai kam ka samu damar roƙo, ni ban samu ba."