Zango na Biyar

Ranar Laraba ce cikin watan Satumba. Rana ta fito tas bayan kwana goma sha ɗaya ana ruwa, tun da hantsi ƙasa take tururi. Matan Tungar Rini suka fito da tabarmi da katifu suna shanyawa a kan katanga, kaji suka baje fukafukai a gindin rumbu. Kogin Kwara yana can ƙasan gari, ya yi faɗi, ya yi jajir, yana tafiya ba hayaniya.

Riskuwa ya buɗe ɗakin kayan kiɗa, warin fumfuna ya tare shi tun daga ƙofa. Ya sauko da kalangu ɗaya, ya matse shi a hammata ya buga. Ƙarar da ta fito kamar an mari jiƙaƙƙen buhu. Ya gwada na biyu, ya gwada ganga, duk haka. Fatun sun sha danshi sun saki. Ga shi jibi Juma'a ƙungiyar Amon Kwara za ta cika shekara talatin, an gayyato mutane daga Illo da Kende da Lafagu, har da na tsallaken iyaka.

Malam Ɗanmusa ne ya kafa ta. Ya yi shekara ashirin yana busa begila cikin 'yan badujalar soja, ya dawo gida da begila ɗaya da gogen da ya gada wurin mahaifinsa. Ya riƙa tara yara a gindin tsamiya duk Alhamis da Juma'a. Dokarsa ta farko ita ce, ba mai taɓa abin kiɗa sai ya iya rubuta sunansa, ya kuma karanta wasiƙa. Manya sun yi ta ƙorafi cewa goge kayan bori ne. Amma da liman ya ga 'ya'yan masunta suna karanta wa iyayensu takardar asibiti, sai ya ce a ƙyale mutumin nan. Daga baya yaran ƙauyukan Benin suka fara zuwa a kan kekuna da harshensu na Dendanci. Malam ya zaunar da begila da algaita da sarewa da molo da goge da kalangu a layi ɗaya, abin da ba a taɓa ji ba a yankin.

Dokarsa ta biyu ita ce ta ɗaure Riskuwa. Ba mai barin ƙungiya sai ya bar hannu, wato ya koya wa wani duk abin da aka koya masa.

Riskuwa ya bar makaranta a aji biyu na sakandare. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa kabu-kabu, ya yi dakon albasa a Illo, ba wanda ya riƙe shi wata uku. Goge kaɗai ya riƙe shi shekara goma sha huɗu. Yanzu Abdulrashid, direban motar albasa, ya samo masa gurbi wurin wasu makaɗa a Kwatano, kuma ranar Asabar motar za ta tashi. Abu ɗaya ya rage masa a garin. Babban kiɗan ƙungiyar, wanda ake kira Ƙetare, zango biyar ne, shi kuwa huɗu ke hannunsa. Na biyar Malam ba ya bayar da shi sai ga wanda ya bar hannu. Tun da hannun tsohon ya fara rawa shekara takwas da suka wuce, da ramuka ake kaɗa zangon: kalangai bakwai su yi tambaya, sai a yi shiru a inda goge zai amsa. Shirun nan ya sha bin Riskuwa har kan babur.

Ya tarar da Malam a zaure yana shan kunu, yana tallafe kofin da hannu biyu.

"Malam, fatu sun mutu. Ko ɗaya ba ya magana."

"Ka san inda ake kai su," in ji tsohon. "Amma a bar mutum a kansu."

"Ni zan zauna." Riskuwa ya sosa ƙeya. "Malam, maganar na biyar ɗin fa? Asabar ta matso."

"Ɗalibarka Ni'ima, zango nawa gare ta?"

"Uku."

"Ukun ga tun kafin azumi nike jin su. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, malami ta rasa. Kawo min ita da huɗu, in ba ka na biyar. Ko yau ne."

Inda ake kai su shi ne Dutsen Shanya, wani falalen dutse a bakin kogi. Wuta tana ƙona fata, ranar tsakar gida kuma ba ta shiga cikin ice. Dutsen nan kuwa yana gasa ganga ta sama da ta ƙasa, kafin la'asar fata ta ɗame ba tsagewa. Shekara talatin can ake shanya, ruwa bai taɓa hawa kansa ba.

Shi da Zulkiflu, shugaban masu kalangu, suka yi sawu uku da amalanke, suka kwaso duk abin da ke da fata: kalangu, ganga, kotso, molo da goge. Suka jera kalangan bakwai daga uwa zuwa auta. Daga gindin itace ɗaya wani masassaƙi na tsallaken iyaka ya fitar da su, kowanne da muryarsa, kuma masassaƙin ya daɗe da rasuwa. Suna gamawa Zulkiflu ya wuce fadama duba shinkafarsu.

Baba Ango masunci yana gefe yana naɗe koma. Ya dubi kayan, ya dubi kogin.

"Ɗan nan, ruwan ga ba namu ba ne. Dubi launinsa. Daga nesa ya taso." Ya nuna wani kara da ya kafa a laka. "Da asuba na kafa shi. Ruwa ya ci yatsa huɗu a jikinsa."

Riskuwa ya sauka ya tsaya a gindin dutsen. Bakin dutsen ya kawo masa ƙirji. "Baba, yatsa huɗu tun asuba? Kafin ya hau nan ai na yi jikoki."

"Ruwa ba ya tafiya da lissafin makaranta, balle naka da bai ƙare ba," in ji tsohon. Ya tura kwalekwalensa ya tafi kwashe kayan iyalinsa.

Riskuwa ya zauna. Ya tashi ya juya ganguna. Ya sake zama. Zama bai taɓa karɓarsa ba. Ya ƙwanƙwasa fatar gogensa da yatsa, ya ji ta ɗame, don fatar guza ba ta da kauri. Ta Ni'ima ma haka. Ya dubi karan Baba Ango, ya dubi rana. Awa ɗaya, ya faɗa a ransa. Ya rataya gogen biyu ya hau tudu.

Ni'ima 'yar kawunsa ce, shekararta goma sha shida, taubashiyarsa, don haka bakinta ba ya jin tsoronsa. Kawu ya yarda ta koyi goge muddin a zaurensa ne. Ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"A'a, yau malamin gudu ya tuna da ɗalibarsa? Ko Kwatanon ce ta ce ba ta so?"

"Zauna, uwar surutu. Yau sai kin haɗiye zango na huɗu ko da ruwa."

"In ka daina ihu zan haɗiye. Kai da koyarwa kamar mai korar awaki."

A zango na huɗu akwai wata kwana da bakan goge ke juyawa a tsakiyar amo ba tare da amon ya yanke ba. Nan take faɗuwa kullum, nan yake yin tsaki kullum ya tattara ya tafi. Ta zo wurin, amon ya yanke. Ta sake, ya yanke. Ya ji tsakin ya taso masa, ya danne, don yau ba shi da inda zai tafi da shi.

"Kin taɓa tuƙa kwalekwale?"

"Ni da aka haifa a bakin ruwa?"

"In za ki juya, kina fitar da filafili daga ruwa?"

"Wane mahaukaci? A ciki ake murɗa shi."

"To murɗa."

Ta dube shi. Ta ɗora baka, ta ja, da ta iso kwanar sai ta murɗa wuyan hannu. Amon ya lanƙwasa ya wuce lafiya. Ita kanta ta firgita, ta saki dariya.

"Yaya Risku! Ashe da ma kana da baki irin na mutane?"

"Sake."

Ta sake sau goma. Ya ɗauki nasa ya bi ta a baya, sai ya ji wani abu da bai taɓa ji ba: kiɗan da ke cikin hannunsa yana fitowa daga hannun wani. Ya nuna mata sauran zangon guntu-guntu, tana kamawa kamar da ma ajiya ta ba shi. Inna ta turo musu fura. Aka kira azahar, suka yi salla, suka koma. Suka ɗauko Ƙetare tun daga farko, yara suka cika ƙofar zaure. Bai tuna da dutse ba sai da wata mata ta wuce a guje da tukunya a ka tana cewa ruwa ya shigo unguwar masunta.

Ya yar da takalmansa a hanya. Tun kafin ya kai mangwaron da ke rabin gangare ruwa ya kama masa gwiwa. Ya tsaya yana neman dutsen da ido. Babu dutse. Inda yake sai wani ɗan murɗi da ruwan ke yi. Can tsakiyar kogi ya hango abubuwa suna lilo a jere kamar agwagi, manya a gaba, suna nufar gabas. Ya faɗa ruwan. Bai yi nisa ba igiyar ruwa ta naɗe shi, sai ji ya yi an damƙi wuyan rigarsa.

"Za ka ƙara musu da kanka?" in ji Baba Ango, yana jawo shi cikin kwalekwale. A ƙasan jirgin, tsakanin tukwane da buhun gero, akwai autan kalangu, fatarsa ta fashe. "Shi kaɗai ya biyo ta inda nike."

Ranar Alhamis da safe rabin gari yana kan tudu. An aika wa baƙi cewa babu biki. 'Yan ƙungiyar da suka samu fitowa suka taru a gindin tsamiya, inda allon karatu yake jingine. Zulkiflu, wanda shinkafarsa ma ta tafi, bai dubi inda Riskuwa yake ba.

Riskuwa ya durƙusa gaban Malam. "Ni na bar su. Baba Ango ya faɗa min, na ƙi ji."

"Ni na ce a kai su can," in ji Malam. "Ina ka tafi?"

Ni'ima ce ta amsa. Ta zauna a kan tabarma, ta ɗora baka. Ta kaɗa zango huɗu ba tuntuɓe, da ta zo kwanar ta murɗa wuyan hannu, Malam ya ɗaga gira. Da ta sauke, ya dubi Riskuwa.

"Ka bar hannu," in ji tsohon. "Alkawari ya hau kaina. Zulkiflu, ba ni tambayar."

Zulkiflu ya duba hagu da dama. Aka kawo ƙwarya aka kife, wani ya jawo turmi, saura suka shirya tafi. Suka buga tambayar zango na biyar daidai yadda suka saba, suka tsaya a bakin ramin. Malam ya rufe ido, ya buɗe baki zai rera amsar goge. Amo biyu suka fito, na uku ya maƙale. Aka sake. Ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Aka sake har sau biyar.

"Ba ya zuwa," ya ce a hankali. "Ban taɓa riƙe shi a kai ba. Uwar kalangu ke kiran sa, 'ya'yan su miƙo min shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙwarya ba ta san sunansa ba."

"A sassaƙa wasu, Malam," in ji Ni'ima.

"A sassaƙa, ɗiyata. Ice ya sha iska shekara biyu kafin ya yi murya. In ina nan, mu gwada." Ya juya wurin Riskuwa. "Ba ni riƙe ka. Motarka Asabar. Amma kafin nan ɗauki alli. Wanda ya yi gadi shi ke faɗin abin da ya ɓata."

Riskuwa ya tashi ya je gaban allon da ya fara koyon rubuta sunansa a kai. Akwai sauran baƙaƙen yara na makon jiya, ya share da tafin hannu. Ya rubuta, yana faɗa da ƙarfi yadda ake yi a ajin Malam.

Kalangu shida. Ganga uku. Kotso biyu. Molo huɗu. Goge uku, har da na mahaifin Malam.

"Shi ke nan?" in ji Zulkiflu. Maganarsa ta farko ke nan da shi tun jiya.

Riskuwa ya juya allin a hannunsa. Ya sunkuya, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa.

Zango ɗaya.