Ƙunshi Mai Jan Zare

Dogo ya riga ya tayar da mota sa'ad da matarsa ta cim masa da ƙunshin. Ta naɗe shi da ƙyallen leshi, ta ɗaure da jan zare har da 'yar fulawa a ka.

"Haba, ke kuwa! Bayan gida ne fa a ciki."

"To tsirara kake so ka riƙi kwalbar, duk unguwa ta sani?"

Tela ce, ko tsumma ba ya fita daga hannunta babu ado. Dogo ya ajiye ƙunshin a kujerar gefensa, ya ja mota.

Direban manajan wani kamfani ne, kuma ciwon ƙashin baya ya daɗe yana cin sa. Da safe yakan tashi kamar an ɗaura masa katako, wuya ba ya juyuwa sai da jiki gaba ɗaya. Maganin da ke sassauta masa bayan, shi ke ƙona masa ciki. Likita yana zargin wata ƙwayar cuta a tumbinsa ce ke hana shi jure maganin, wataƙila ma tana rura kumburin bayan, ko da yake wannan, in ji shi, ba a tabbatar ba. Sai an gwada bayan gidansa tukuna. Duk wannan Manaja bai sani ba, kuma Dogo ba ya fatan ya sani. Wa zai riƙe direban da ba ya iya waiwaye? Direban da Dogo ya gada, tabarau kawai ya fara sakawa aka sallame shi.

Niyyarsa ya sauke Manaja a ofis ya zarce asibiti. Sai dai Manaja yana da wani hali: duk abin da aka naɗe a motar nan nasa ne, don ta hannun direba 'yan kwangila ke aiko masa da tsaraba. Sun yi nisa ke nan ya leƙo daga baya.

"A'a! Wa ya aiko?"

"Yallaɓai, ai..."

"Mutumin fentin nan ko? Ashe ya san ya kamata." Ya miƙo hannu ya ɗauke, ya girgiza kusa da kunne. "Turare ne, mai kauri ma. Kai, Allah ya rufa mini asiri! Yau ranar haihuwar uwargida, na manta shaf. Juya mu koma."

Gumi ya karyo wa Dogo har cikin takalmi. Tsoro ya kama shi sosai. In ya yi magana, aiki ya tafi. In ya yi shiru, uwargida ta kwance jan zare a gaban ƙawayenta, aiki ya tafi har da mutunci.

A bakin ƙofar gida Manaja ya zura ƙafa waje yana gyara fulawar. Dogo ya kashe mota, ya juyo da jikinsa kacokan, kafaɗa da ƙugu, yana cije leɓe. Ya faɗi komai: bayan, maganin, tumbin, da abin da ke cikin leshin.

Manaja ya ajiye ƙunshin a hankali, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya a jikin kujera.

"To da me kake yin baya da mota?"

"Madubi uku gare ni, Yallaɓai. Ban taɓa goge maka ko fitila ba."

"Hm. Ƙunan cikin, kamar an zuba garwashi a nan?" Ya dafa ƙasan ƙirjinsa.

"Shi, Yallaɓai."

"Da gyatsa mai tsami?"

"Kamar ka sani."

Manaja ya mayar da ƙafarsa, ya ja ƙofa. Daga aljihun kujera ya zaro kwalbar farin maganin ciki, saura kaɗan a gindinta, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Mu je asibitin, kafin matar nan ta leƙo."

Sun kusa shataletale ya yi gyaran murya, yana kallon taga.

"Dogo."

"Na'am, Yallaɓai."

"Ka ce wa maiɗakinka ta ajiye mini ƙyalle. Nawa shuɗi, kada a haɗa."