Ƙanwar Kyaftin

Tun da matarsa Iyatu ta rasu Mika'ilu ya rage magana. Da farko 'ya'yansa sun ɗauka jimami ne, zai wuce. Bai wuce ba. Zai tafi masallacin unguwa, ya dawo ya zauna bakin taga, yana kallon motoci suna kutsawa a lungunan Utaibiyya, unguwarsu a Makka. In ɗansa Abdulilah ya dawo daga kamfanin bas inda yake aiki, sai ya tarar da shayin safe a kofi, an sha rabi an bari.

Nora, yayar Abdulilah, tana aure a Jidda. Ita ta ɗauko maganar a waya.

"Ka kawo mini shi, ya Abudi. Ga ɗaki, ga jikoki. Me ya rage masa a Makka?"

"Me ya rage masa? A nan aka haife shi, a nan ya binne Umma. Yaran naki ko ina kwana ba su iya ba. Da wa zai yi hira?"

"Yanzu da wa yake yi?"

Sai Abdulilah ya huce a kan mutanen unguwa. Kuma sun cancanta. Mutane ne da ba sa haɗuwa sai an yi mutuwa. Su zo su jeru, su ce sai haƙuri, su ci shinkafa, su watse. Tsoho zai bushe a ɗaki kusa da bangonsu, in an yi musu magana su ce haka zamani ya zo, kamar zamani ne ya ɗaure musu ƙafa.

Alhali a dā saman benen Mika'ilu ba ya rabo da mutane. A shekarun da babu gidan sinima a ƙasar, kasakasan bidiyo suna shigowa daga Jidda, hannu zuwa hannu, yawanci tsofaffin finafinan Ingilishi masu ban tsoro. Babu mai jin Turanci a unguwar sai Mika'ilu, shi ma 'yan kalmomi ne ya tsinta lokacin da yake tuƙa tankar ruwa a wani kamfani. Sai ya zauna gefen talabijin yana ba da labarin da Hausa, ya yi muryar wannan, ya yi ta wancan, abin da bai gane ba ya cike daga kansa. Wanda aka fi so shi ne na tsibirin gishiri: jirgin ruwa ya fashe a wani tsibiri inda matattu suke ƙamewa su zama gishiri, su tashi suna yawo. Akwai Kyaftin, akwai ƙanwarsa. A ƙarshe, bayan kowa ya tsira, Kyaftin ya koma cikin kogo shi kaɗai don ya ɗauko ta.

Kaset ɗin ya daɗe da cinyewa. Amma Abdulilah mai tara faifai ne, kuma ya gano cewa wani kamfani a Ingila ya gyara fim ɗin daga asalinsa, ya wanke hoton, ya tace sautin. A jikin kwalin an rubuta cewa cikakke ne, ba a yanke komai ba. Wannan ya fi komai yi masa daɗi, don ya tsani masu almakashi. Ya yi oda, faifan ya iso, ya ƙi buɗewa. So yake shi da mahaifinsa su gani tare.

Ya bi gida gida yana gayya. In Nora ta ga uban yana da jama'a, za ta bar maganar Jidda. Mutane da yawa suka ce in sha Allahu, irin wadda ya san ma'anarta. Ranar Juma'a bayan la'asar mutum biyu suka hau benen: Abdulwasi'u tela, abokin Mika'ilu tun suna yara, da Malam Abdulganiyyu, tsohon ladanin unguwa.

"Ina mai gidan?" in ji Abdulwasi'u yana haki. "Na ji an ce ka zama kurma. Na ce alhamdu lillahi, kunnuwanmu sun huta."

Mika'ilu ya ɗan murmusa.

Da fim ya fara, Abdulilah da kansa sai da ya riƙe numfashi. Tekun da ya sani toka-toka ashe kore ne shar. Ana ganin zaren igiya, ana ganin gumi a goshin matuƙa. Mika'ilu ya matso, ya ƙura ido. Jirgin ya daki dutse. Sai aka ji ya yi gyaran murya.

"To jama'a," ya ce, "ga Kyaftin nan, Jan Gemu. Cewa yake, ku riƙe igiya, 'yan banza, yau ko mu ko ruwa."

"Haka ne!" in ji Abdulwasi'u ya buga cinya. "Wallahi haka yake cewa."

Muryar ta buɗe. Ya yi ta tsohon kuku mai tsoro, ya yi ta likita mai girman kai, har da tarinsa. Malam Abdulganiyyu yana dariya yana rufe baki da gefen rawani. Abdulilah ya ɗauki ɗan bidiyo a waya ya tura wa Nora, ya rubuta mata: kalli kurman naki.

Aka zo inda Kyaftin yake ƙwanƙwasa ƙofar bukkar da aka kafa wa yarinyar.

"Nan zai shiga ya yi wa ƙanwarsa nasiha," in ji Mika'ilu. "Zai ce mata, uwarmu ta ba ni amanarki. Sai gari ya waye."

A tsohon kaset haka yake. Ana buɗe ƙofa hoton zai yi tsalle, sai ga rana ta fito. Wannan karon garin bai waye ba. Kyaftin ya shiga, ya rufe ƙofa. Yarinyar ta taso cikin rigar barci, ta rataye a wuyansa, suka haɗa baki.

Abdulilah ya wawuri rimot. Maimakon ya tura gaba sai ya danna na tsayarwa. Hoton ya daskare a nan, fes, babu dishi-dishin da zai rufa wa kowa asiri.

"A'uzu billahi," in ji Malam Abdulganiyyu, ya sunkuyar da kai.

Abdulwasi'u kuwa ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Mika'ilu! Wannan ce nasihar? Kai, Ingilishi sun iya zumunci!"

"Ba shi ba ne," in ji Mika'ilu a hankali. "An canza."

Da Abdulilah ya yi shiru, wataƙila da an bar shi a haka. Amma shi mutum ne da ba ya iya barin kuskure ya wuce ta gabansa.

"Shi ne, Abuya," ya ce wa mahaifinsa. "Wannan ne na gaskiya. Wancan masu sayar da kaset ne suka yanke, suka ha'ince ku. Ba ƙanwarsa ba ce, matar likitan ce ma."

"Matar likita!" Abdulwasi'u ya share hawaye. "Wato shekarun nan duk shara mana ita kake yi, ya shehu? Mu kuma muna ta Allah sarki, Allah sarki."

Wasa yake yi, irin wanda suka saba tun ƙuruciya, kuma jira yake a rama. Mika'ilu bai rama ba.

Aka tura gaba. Matattun gishiri suka fito daga yashi, farare tas, ana jin ƙarar gaɓoɓinsu. Turanci kawai ke fita daga talabijin, ba mai ganewa sai Abdulilah.

"Ci gaba mana," in ji Abdulwasi'u, ya zunguri abokinsa. "Me yake cewa?"

"Ku tambayi mai faifan."

Abdulilah ya gwada. Hausarsa ta kai shi rabin jimla ta ajiye shi, ya ƙarasa da Larabci, ba daɗi ba armashi. Malam Abdulganiyyu ya duba taga ya ce magariba ta gabato, alhali rana tana nan da sauranta. Abdulwasi'u ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai faɗi wani abu, sai kawai ya ce, "Sai an kwana biyu," ya bi bango ya sauka.

Fim ɗin yana ta yi. Kyaftin ya kunna fitila ya nufi bakin kogo.

"Kashe," in ji Mika'ilu.

Abdulilah ya kashe, ya durƙusa kusa da shi. "Abuya, labarinka ya fi nasu. Wallahi ya fi. Zan iya cire wurin, a mayar da shi yadda yake."

"Na riga na gani."

Mika'ilu ya kalli baƙin gilashin talabijin.

"Uwarka tana da wa. A hanyar Sudan, suna tahowa Makka, suka rabu tana ƙarama, ya ce su yi gaba zai biyo su. Duk sanda na kawo nan, in na ce ya koma ɗauko ƙanwarsa, sai in jiyo ta bayan labule tana kuka. Ni kuma in ƙara ja, don na ga yana shiga." Ya goge bakinsa da tafin hannu. "Ashe a kan matar likita."

Wayar Abdulilah ta yi ƙara. Nora ce, ta ga bidiyon. Ta turo muryarta tana dariya: ma sha Allah, Abuya ya dawo, to a bar shi tukuna.

Mika'ilu ya ji. Ya miƙo hannu.

"Ba ni ita."

Ya kira ta, ya kara wayar a kunne da kansa, ya jira ta ɗauka. "Nora. Ɗakin nan da kika ce, yana nan?"

Mijin Nora ya zo da mota cikin satin. Kayan ba su da yawa. Abdulwasi'u bai ji labari ba sai da suka wuce.

Washegari Abdulilah ya taso daga aiki da yamma, ya tsaya ya sayi gurasa da wake a kusurwar layi, ya hau bene. Ya buɗe ƙofa ya yi sallama da ƙarfi, yadda ya saba saboda kunnen tsoho. Ya ɗan tsaya riƙe da ledar, sannan ya amsa wa kansa a hankali ya shiga.