Zirir ɗin Amenan

Ranar da haihuwar ta cika kwana goma, Monjiya ta tashi ba ta jin komai. Ba tsoro, ba haushi, ko yunwa babu. Ta ɗora kofi ta manta da shi har ya ƙafe, ta tsaya tana kallon tukunyar kamar ta maƙwabta ce.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana karɓar haihuwa a Safakis, a ƙasar Tunisiya. Rabin direbobin tasi na garin nan ita ta yanke musu cibiya, shi ya sa ba ta daɗewa a bakin titi. Da ta yi ritaya, maimakon ta zauna ta ji da gwiwoyinta kamar kowace tsohuwa mai hankali, sai ta tara ƙawayenta suka buɗe ƙungiya a gidan da mijinta ya bar mata a bayan tashar jirgin ƙasa. Takardar rajista ta ce ana koya wa mata ɗinki daga safe zuwa la'asar. Kekunan ɗinkin akwai su kuwa, guda uku, ɗaya ma yana aiki. Amma tun bara, da aka fara korar baƙin da suka tsallako sahara daga gidajen haya, matan da ke zuwa ɗinkin suka rasa inda za su koma in la'asar ta yi. Monjiya ba ta taɓa zama ta yanke shawarar ba su masauki ba. Wata rana ce kawai ba ta ce su tashi ba.

Doka ba ruwanta da wannan. Wanda ya ba baƙo marar takarda wurin kwana ya yi laifi, in kuma ƙungiya ce, sunan da ke saman takardar rajista shi ake nema. Sunan Monjiya ne a sama.

Sun yi taka-tsantsan, a ba su wannan. Ba a shanya a saman soro. Burodi a gidajen burodi uku ake sayo shi don kada mai sayarwa ya yi mamakin yawansa. Tagogin da ke kallon titi kullum a rufe. Wata bakwai mata tara suna kwana a gidan, unguwa ta sani, unguwa ta yi kamar ba ta sani ba, wanda shi ne iyakar alherin da muka iya a wannan shekarar.

Sai Afuwe, wata 'yar Kwaddibuwa mai ƙarancin magana, ta haihu ranar Laraba da hantsi a ɗakin kekuna. Asibiti ba ta zuwuwa, don a bakin ƙofa ake tambayar takarda. Monjiya ta karɓi 'yar da hannunta, mace, lafiyayya, mai kuka kamar an yi mata ƙwace. Uwar ta ce a garinsu macen da aka haifa ran Laraba Amenan ake ce mata.

Shadliya ce ta tona su, kuma wallahi ba da mugunta ba. Ita ce mai girkin gidan, ƙawar Monjiya tun suna 'yan mata. A wajenta, haihuwar da ba a yi mata zirir ba ba haihuwa ba ce. Ta soya riɗi, ta daka, ta kwaɓa da zuma da man shanu don mai jego ta samu ƙarfi. Da a nan ta tsaya da ba komai. Amma zirir ba a cinsa a ɓoye, kowa ya san wannan. Ta zuba a 'yan kofunan gilas, ta jera a faranti, ta yafa mayafinta, ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda uwarta ta yi, kamar yadda kakarta ta yi. A kowane gida an tambaye ta wa ya haihu, a kowane gida ta ce, "Tamu ce, ta gidan ɗinki," tana washe baki.

Kwana biyar bayan haka motoci suka zo da rana tsaka. Aka zuba matan tara a bas, har da Afuwe da jaririyar a ƙirji, aka ce iyaka za a kai su. Ba a ce wace iyaka ba. Aka rufe ƙofar gidan, aka ɗaura igiya aka manna jan kaki mai hatimin hukuma. Monjiya ta yini a ofishin 'yan sanda, aka sake ta saboda shekarunta, da takardar sammaci zuwa gaban alƙali mai bincike.

To, a safiyar kwana na goman ta tafi wurin lauyanta, Si Monsif, ɗan wata ƙawarta da ta rasu. Mutum ne mai ƙiba da kirki, kullum yana fifita da fayil ɗin wani.

"Lalla Monjiya, zauna. Labari mai daɗi gare ni, in kin yarda kin yi shiru." Ya buɗe fayil. "Da rana suka zo. Mata a gaban kekuna suka tarar. Katifun kuwa za mu ce na hutun rana ne, wa ya hana mai ɗinki miƙe baya? Ba su da shaida cewa wani ya kwana a gidan."

"Zirir fa?"

"Zirir!" Ya ɗaga hannu sama. "Shekara ashirin ina aikin nan, ban taɓa ganin an shigar da riɗi a fayil ba sai a kanki. Maƙwabcinki Si Hamda ne ya kai, ya ce matarsa ta karɓi kofi. To sai me? Jikar Shadliya ta haihu watan jiya, ko ba haka ba? Nata ne zirir ɗin, ya makara. Shadliya tsohuwa ce, ta ruɗe da aka tambaye ta. Shi ke nan."

Monjiya ta ce to. Tana kallon wata baiwar Allah a ginin da ke fuskantarsu tana kaɗe darduma ta taga.

"Abu ɗaya na roƙe ki," in ji shi, ya daina fifita. "Na san ku ungozoma. Kada ƙafarki ta taka ofishin rajistar haihuwa. In kika je kika ce an haifi yarinya a gidan nan, kika sa hannu, kin rubuta wa alƙali hukunci da alƙalaminki. Mace ba ta haihuwa a ajin ɗinki ta tashi ta tafi gida da la'asar. Daga nan ba ni da abin cewa, kuma ba maganar tara ake yi ba, maganar shekaru ake yi. Kin ga gwiwoyinki?"

"Yau ne kwana goma."

"Na sani."

"Bayan yau ba a yi mata rajista sai da hukuncin kotu. Uwarta ba za ta iya zuwa kotu ba."

"Uwarta tana ina, Lalla? Faɗa mini. Ke kin sani? In kin karɓo takardar, wa za ki ba?" Ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri. Amma yarinyar nan ko tana raye ma ba mu sani ba. Za ki shiga kurkuku saboda takardar da ba mai karantawa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta nemi inda maganar za ta yi mata zafi a ƙirji, ba ta samu ba. Ta yi masa godiya ta fito.

Ƙafafunta suka kai ta layin gidan ba tare da sun shawarce ta ba. Jan kakin na nan, rana ta ɗan narkar da shi. Shadliya na zaune a dakalin ƙofar, inda take zama kullum tun ranar, idanu sun kumbura.

"Ni na kashe ki, 'yar'uwa," in ji Shadliya. "Hannun nan, da ma ya karye."

"Tashi, dakalin da zafi."

Ƙofar gidan da ke kallon nasu ta buɗe. Naziha, matar Si Hamda, ta fito da sauri tana waige, ta miƙa wa Shadliya abu a naɗe cikin adiko. Kofin zirir ɗin ne, an wanke shi tas, an cika shi da dabino. A garin nan ba a mayar da kwanon maƙwabci wayam, ko da mijinki ya kai maƙwabcin ofishin 'yan sanda.

"Ya yi daɗi," in ji Naziha, idonta a ƙasa. "Allah ya raya." Ta koma ciki ta rufe.

Shadliya ta fashe da kuka. Monjiya ta ɗauki dabino ɗaya ta ci, ba ta ji zaƙinsa ba. Allah ya raya. Ta tsaya tana juya ƙwallon a baki. Duk layin nan sun sha zirir ɗin yarinyar, sun san an haife ta, amma nan da shekara ba wanda zai tuna, kuma in an tambaya za a ce na jikar Shadliya ne. Wata bakwai tana kallon abin da rashin takarda ke yi wa manya. Wannan yarinyar kuwa a hannunta ta faɗo, ita ta fara ganin fuskarta kafin uwarta.

Ta tofar da ƙwallon, ta ɗaga wa tasi hannu.

A ofishin rajista ana shirin tashi. Magatakardan da ke taga, Wajdi, ya gan ta ya miƙe tsaye. Shi ma ita ta karɓe shi, da ƙafa ya fito, ta sha faɗa masa. Halti yake ce mata, wato inna.

"Halti Monjiya! Ai na ɗauka kin yi ritaya. Wa kuma kika jawo mana duniya?"

"Mace. Laraba waccan, ƙarfe goma da kwata na safe. Amenan."

Ya fara bugawa yana murmushi. Ta ba shi sunan uwa, ta ba shi ƙasarta, murmushin ya fara raguwa. Uba, ta ce ba a faɗa mata ba.

"Wurin haihuwa?"

Ta faɗi layin da lambar gidan. Yatsunsa suka tsaya. Duk garin an ji labarin gidan ɗinki.

Ya matso da bakinsa kusa da gilas. "Halti, na'urar nan tun safe take ba mu wahala. Kin gane? Zan iya cewa ta mutu. Ki tafi gida ki huta, ba ki zo ba, ban gan ki ba."

"Tana aiki, ga ta nan ina gani."

"Don Allah, Halti. To bari in sa a kan hanya. A mota, a tasha, ko'ina. Wa zai bincika?"

"A ɗaki aka haife ta, a kan katifa, da ruwan zafi da tawul mai tsabta. Kamar kai." Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. "Kada a fara mata da ƙarya. Rubuta, Wajdi, za a tashi."

Ya rubuta. Ya juyo mata da takardar, ta sa hannu a inda ta saba sawa shekara talatin da huɗu. Ya ɗauki hatimi ya buga. Ta zaci ƙarar za ta fi haka.

"Kwafi nawa?" Bai ɗago kai ba.

"Biyu. Ɗaya ni zan kai wa alƙali da kaina, kada a zo a ɗaga maka hankali."

A waje Shadliya na jiranta a inuwa, ta biyo ta a wata tasi, har yanzu da kofin dabinon a hannu. Monjiya ta ninke takarda ta biyun gida huɗu ta miƙa mata.

"Ki sa a leda, kada laima ta taɓa ta. Ni ba za a bar ni in shiga kurkuku da ita ba."

"In ba wa?"

Monjiya ta dubi titi. Wata bas ta wuce ta nufi kudu, cike da 'yan makaranta.

"Amenan," ta ce. "In ta zo."