Yayen Nusaiba

Ƙoƙon ya faɗi, madarar ta malale a ƙofar bukka. Bilki ce ta kaɓe shi daga hannun mahaifinta.

Malam Manu ya dubi madarar, ya dubi 'yarsa. Tun da ya yi wayo a rugar nan ta bayan Dandin Mahe bai ga an zubar da madara da gangan ba. Ko a kuskure yaro ya zubar sai ya sha sanda.

"Baffa, ka yi haƙuri," in ji Bilki. "Ba ta sha. Na gaya wa Inna tun da munka sauka."

"Ba ta shan mi?"

"Madara. Da nono, da kindirmo, har man shanu."

Da hantsin nan ta kawo Nusaiba daga Bodinga don a yaye ta a gidan kakanni, yadda ake yi. Yarinyar ta kusa shekara biyu. Madarar kuwa ta Gudale ce, karsanar da Malam Manu ya ba jikar ranar sunanta. Bana ta yi haihuwar fari. Shi da kansa ya durƙusa ya tatso, don jikar, amaryarsa ta wasa, ta fara da nata.

Rahamatu, matarsa, ta fito da ƙullin leda ta buɗe masa. "Ga abin da ta zo da shi, Malam. Waken suya. Wai a jiƙa, a niƙa, a tace, a tafasa. Na ma jiƙa wani."

"Wake." Ya tsaya kamar bai ji da kyau ba. "A gidan shanu. Jikata a yaye ta da abin da ake awarar tasha da shi."

"Likita ya ce..." Bilki ta fara.

"Badaru ya ce!" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Aikin mijinki ne wanga. Manomin albasa. Ƙyamar ƙwaryarmu suka yi, na daɗe da sani. Ke da mi kika girma? Wanga tsawon naki, wake ya ba ki shi?"

"Baffa, Nusaiba ɗiyata ce. Ni na ga abin da madara ta yi mata."

Rahamatu ta rufe baki da gefen mayafi. 'Yar fari ce, kuma uwar ta ambaci sunanta a gaban uba, ido cikin ido. Bilki ba ta sunkuyar da kai ba.

"In ba za a kiyaye ba," ta ce, "in kai ta Dingyadi wajen uwar Badaru. Ta ce tana so."

Wannan ta fi zubar da madarar zafi. A ce jikar Manu an ɗauke ta daga ƙofarsa an kai wa wata tsohuwa yaye. Kafin la'asar labari zai kai mashaya.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai Rahamatu ta yi salati. Duk gardamar nan babu wanda ya kula da yarinyar. Ta zauna dirshan a gefen madarar da ta taru a gindin turmi, tana tsoma hannu tana lashewa.

Kafin a wanke mata hannu leɓɓanta sun fara tashi. Borin jini ya fito mata a wuya da kumatu, taswira-taswira. Ta yi amai, ta fara kuka mai shaƙewa.

Malam Manu ya zabura. Ya sunkuce ta, ya nufi hanya da saurin da aka daɗe ba a ga ya yi ba, Bilki na binsa ba takalmi. Ɗan acaɓan farko da ya tsaya, su duka suka hau.

A asibiti a Shagari aka yi wa yarinyar allura, aka kwantar da ita. Sannu a hankali numfashinta ya daidaita. Malam Manu ya ƙi zama a benci. Ya tsaya a kan malamar asibitin, sanda a hannu.

"Madarar nan mai tsabta ce," ya ce. "Ni na tatso ta."

"Ba wanda ya ce da datti, Baba. Jikinta ne ba ya karɓa. Akwai yara haka."

"Ni na sha. Ubana ya sha, ya kai ɗari ba ɗaya da haƙoransa."

"Allah ya jiƙansa. Ita dai kada a ba ta."

"To ta akuya?"

"Yawanci masu irin wannan, ita ma haka take yi musu. Kada ku gwada a gida."

"To da mi za ta yi ƙashi? Da iska?"

"A Bodinga sun gwada ta da madarar waken suya, Baffa," in ji Bilki a hankali. "Ta karɓe ta."

"Sai a ci gaba da ita," in ji malamar. "A haɗa mata da ƙwai, da kifi, da miyar zogale. Kunun aya ma ta sha, amma shi na marmari ne, ba ya riƙe yaro. Wasu in sun girma abin yakan bar su. Wasu kuma ba ya bari."

Bai yi mata godiya ba. Ya fita ya tsaya a inuwar darbejiya yana huci. Ya rasa wanda zai yi wa faɗa. Badaru ya kuɓuta, likita ya kuɓuta, Gudale kuwa ba ta da laifi.

Da aka sallame su bayan azahar, Bilki ta goya yarinyar ta dubi inda motocin Bodinga suke lodi.

"Baffa, daga nan zan wuce."

"Ina?"

"Dingyadi. Ba raini ba ne. Gidanmu duk ƙwaryar da ka ɗauka nono ya taɓa zama cikinta. Duk ludayi haka. Wata rana wani zai ji tausayinta ya ɗiga mata."

"Wa ke da rugar?"

"Kai ne."

"To tsaya nan."

Ya ratsa cikin kasuwa har rumfar masu ƙwarya. Rabonsa da tsayawa a irin wurin nan tun yana yaro yana riƙe da zanen uwarsa. Ya zaɓi sabuwar ƙwarya, da ƙoƙo, da ludayi, ya shinshina kowanne. Ya ƙara da ƙaramar tukunya.

"Baba, amarya za a yi ne?" in ji tsohuwar mai rumfar tana dariya.

"Awo. Mai tsirfa kuwa. Shanuna duka ba su ishe ta ba."

Ya dawo ya dangwara kayan a gaban Bilki. "Nata ne. Wanda ya sa su kusa da nono, ni da shi." Ya juya ya tsayar da babur. Bilki ta daɗe tana duban ƙwaryar, sannan ta ɗauka ta bi shi.

Sun tarar Rahamatu ta kai waken inji ta dawo. Aka tace a sabuwar ƙwarya, aka tafasa a sabuwar tukunya. Da ya huce, Malam Manu ya ce a ba shi ya fara ɗanɗanawa. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar.

"Ruwan wanki."

Nusaiba ta kama ƙoƙon da hannu biyu ta shanye, ta miƙo a ƙara.

"Dube ta," ya ce. "Amaryar banza. Na ba ki saniya, kin zaɓi wake."

Rahamatu ta ɗauki dusar da ta rage a matata za ta kai juji. Ya ce ta kawo. Ya kai wa Gudale a turke. Saniyar ta shinshina, ta sa harshe, ta lashe tas. Ya tsaya yana kallonta, ransa a ɓace.

"Har ke?"

Sai ya kwance ɗan maraƙin daga igiya, ya sake shi. Maraƙin ya ruga ya kama nono.

"Malam, ba a yi tatsar marece ba tukuna," in ji Rahamatu.

"Ba za a tatsa ba. Madarar mai ita ce. Tunda ba ta sha, kowa ba ya sha. Ta taru mata a jikin maraƙi."

Ya dawo ya ɗauki Nusaiba ya aza a kafaɗa, ya juya mata baya ga hanya don kada ta ga fitar uwarta.

"Ke kuma kama hanya tun da sauran rana," ya ce wa Bilki. "Ki gaya wa manomin albasa ya aiko da wake. Baki biyu ke cinsa yanzu."