Kowane Baƙo da Kiɗansa

Oumaima ta rantse bana ba za a sake saka faifan nan ba. Tun tana sakandare ake bikin ƙungiyar 'yan Nijar mazauna Greensboro ta Amurka da faifai guda, wanda ya karce har yana tsalle a wuri ɗaya. Mata sun saba da tsallen, sukan tsaya da rawa su jira ya wuce, sannan su ci gaba. Ba faifan ne ke ƙona mata rai ba, mutanen da suka iya zama da shi ne.

Ita ɗalibar injiniyanci ce, tana haya a unguwar Glenwood, tana kuma kaɗa ganguna a ƙungiyar 'yan makarantarsu masu kiɗan rock mai dogon zango, irin wanda waƙa ɗaya kan sauya tafiya sau da yawa kafin ta ƙare. A mujallu ta ga yadda ake tsamo gwani daga wannan ƙungiya, gwani daga waccan, a haɗa su su yi abin da babu mai iya shi shi kaɗai. Ta ce to, mu ma ai muna da gwanaye, zaman banza ne kawai ya cinye su.

Ta samo Josiah, mai kaɗa piyano a wani coci a East Greensboro. Ta samo Malachy, ɗan Jos mai gashi har kafaɗa, wanda ke kaɗa gitar bas mai kaurin sauti a ƙungiyar kiɗan metal mai ƙara da maƙwabta suka gaji da kai ƙararta. Na ƙarshe shi ne Lamine, mutumin Damagaram, mai gita da murya, jikan maroƙa, wanda ba a suna ko aure a garin ba da shi ba.

Ta rubuta musu waƙa mai kashi shida, kowane kashi da tafiyarsa, na ƙarshen kamar gini na rushewa. Duk bazarar 2006 suna gwaji a garejin Josiah, amma ba su taɓa kai ta ƙarshe su huɗu ba. Yau Lamine na aiki, gobe Josiah na wajen gwajin mawaƙan coci. Ga shi ranar Litinin Malachy zai koma Houston da zama. Asabar ɗin bikin ce kaɗai ta rage musu. In ba su kai waƙar ƙarshe a ranar ba, ba za su taɓa jin ta cikakkiya ba.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Moutari, ya ba su rabin awar ƙarshe kafin ƙarfe shida. Ya kuma gargaɗe ta cewa Angelina, matar da ke riƙe da makullan zauren da suka kama, ba ta san alfarma ba. Bara ana tsakiyar jawabin ma'aji ta kashe wuta.

An ce a hallara ƙarfe biyu. Da Oumaima ta zauna bayan gangunanta ƙarfe biyar da rabi, rabin kujerun gaba, na manya, babu kowa a kai.

"Kin ga mutanenki ko?" in ji Malachy, yana ɗaure gashinsa.

"Za su ji a jikinsu yau," ta ce. Ta buga sandunanta, suka faɗa.

Kashin farko tafiyar bakwai-bakwai ce, wadda ƙafa ke neman bugu na takwas ta rasa. Sun kusa tsallakawa zuwa na biyu ke nan sai ƙofa ta buɗe, Malam Daouda mai shagon nama ya shigo yana gyara babbar riga. Lamine ya saki layin waƙar kamar ya taɓa wuta, ya matso makirfo.

"Malam Daouda na Tasawa! Mai wuƙa ɗaya, ciyar da gari! Sannu da isowa, ɗan Hajiya!"

Lamine ya ɗaga wa 'yan kiɗa hannu ta baya, alamar su riƙe inda suke. Suka yi ta maimaita layi ɗaya. Malam Daouda kuwa bai san sauri ba. Ya gaisa da na dama, ya gaisa da na hagu, ya tambayi wani lafiyar motarsa, sannan ya zauna.

"Lamine!" Oumaima ta leƙo ta tsakanin kuge. "Me kake yi haka?"

"Ƙanwata, babba ya shigo ina riƙe da makirfo. In yi shiru? Gobe da wane ido zan je sayen nama?"

"Concert ne wannan, ba suna ba!"

"Bon, d'accord. Shi ke nan, an wuce."

Ba a wuce ba. Ba su yi taku uku ba Hajiya Oumou ta shigo da 'ya'yanta da kulolin dambu, Lamine ya sake ɗaga hannu. Josiah ya sunkuya kan piyano yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Oumaima ta dubi agogon bango, ta hango wasu motoci biyu na fakin a waje. Ta tabbata a haka za su tsufa a kashin farko. Mutumin nan kakansa ya yi wa masu shigowa kirari, babansa ya yi, kuma babu takardar kiɗan da za ta hana shi. Ta yi tunanin jifan sa da sanda. Sai wani tunanin ya riga sandar fita.

"Malachy! Josiah!" ta yi ihu. "Duk wanda ya shigo, mu sauya! Kada ku jira Lamine!"

"Seriously? Da gaske?" in ji Malachy.

"Ku bi ni kawai!"

Ƙofa ta buɗe, Malam Sale direban tasi ya sako kai. Lamine ya buɗe baki da sunansa, Oumaima ta zuba ganguna ta jefa su kashi na biyu, mai gudu kamar an biyo ɓarawo. Lamine ya waigo a firgice, amma bakin maroƙi ba ya komawa da suna a ciki. Ya hau gudun da kirarinsa, yatsunsa suka nemo gitar da kansu. Malam Sale, da ya ji an canza kiɗa takanas dominsa, ya buɗe kafaɗu ya tako kamar gwamna, ya isa kujerarsa cikin rabin lokacin da ya saba.

Na uku, mai sanyi, wanda piyanon Josiah ke jan sa, ya faɗa kan Anti Yasmina, ta dafe ƙirji ta ce ita dai ta san yaran nan suna da tarbiyya. Zaure ya gane wasan. Kowa ya juya yana kallon ƙofa, ana jiran a ga wa zai shigo da irin kiɗan da zai samu. Na huɗu ya sami liman. Na biyar bai sami kowa ba, sai ga Malam Daouda ya miƙe.

"Ni nawa guntu ne, kuma ɗingishi yake yi," ya ce. Ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo ya sake shigowa ta gaba, aka ba shi na biyar, mata suka saki guɗa.

Saura na shida, mai rushe gini. Agogo ya nuna shida daidai. Ƙofa ta buɗe, Angelina ta shigo da tarin makullai a hannu, ta nufi akwatin wuta ba ta kalli kowa ba. Alhaji Moutari ya rufe fuska da hula.

Oumaima ta dubi Lamine. Karo na farko a rayuwarta ta roƙi mutum da ido ya yi abin da aka saba.

"Angelina!" Muryarsa ta cika zauren. "Uwar makullai! Mai buɗewa a shiga, mai rufewa a watse! Madame Angelina of the keys!"

Malachy ya taka abin ƙara sauti, gashinsa ya kwance, gangunan Oumaima suka sauko kamar ƙanƙara a kan kwano. Mutum fiye da ɗari suka miƙe suna kiran sunan matar da ba su taɓa yi wa magana ba sai in bayan gida ya toshe. Angelina ta tsaya, hannunta a kan murfin akwatin. Ta waiwaya ta ga ko akwai wata Angelinar a bayanta. Hajiya Oumou ta taso ta kamo hannun nan, ta ja ta tsakiyar fili, makullan na kaɗawa, kuma abin mamaki, a kan bugu suke kaɗawa.

Suka kai ƙarshe. Bugun ƙarshen su huɗu suka sauke shi tare, Oumaima ta riƙe kuge da hannu biyu don ya yi shiru, tana haki.

Angelina ta gyara rigarta, ta je ta kashe wuta.

Ana kwashe kujeru cikin hasken taga Alhaji Moutari ya matso. "'Yata, Allah ya yi albarka. Baɗi ma haka za a yi. Amma ni da na zo tun ƙarfe biyu ban sami ko kashi ɗaya ba. Baɗi sai biyar da rabi za ku gan ni."

"Baba!" in ji Oumaima.

Malachy ya zauna a kan akwatin bas ɗinsa, dariya ta hana shi rufe shi.